Jawahir da Lissafin Ragowa

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.

Yaya Kyari,

Assalamu alaikum. Ina fata wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gida a Maiduguri. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau, sai gajiyar kasuwa, don tun da aka mayar da rumfata can ƙuryar Sabon Gari ba na isowa gida sai jikina ya yi tsami.

Maganar 'yarka Jawahir ce ta sa na rubuto. Sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, ta ci komai ban da lissafi. Na tuna ka ce in ta faɗi a mayar maka da ita, shi ya sa nake so ka ji yadda abin yake. In aka rubuta mata lambobi zalla, ba ta kuskure. Tambayoyin da ake saƙawa cikin labari ne ke kayar da ita. A ce fasinja ashirin da huɗu ne a mota, sulusinsu suka sauka a Bata, sannan rubu'in ragowar suka sauka a gaba, saura nawa? Sai ta koma kan ashirin da huɗun ta cire rubu'i, ta manta motar ta riga ta ragu.

Malaminsu, Malam Daniel, ya ce in riƙa gwada mata da abin da hannu zai taɓa. Tun daga azumi, kullum bayan la'asar muke baza wake a faranti muna kasawa, wani lokacin ina gyangyaɗi tana tashina. A gida takan gane. Ranar jarrabawa, ta ce da ta ga dogon Turancin sai kanta ya ɗaure, kuma babu wake a gabanta. Da sakamakon ya fito ba ta yi kuka ba, amma ta ƙi cin abinci, ta tambaye ni ko ta fara haɗa kayanta.

Yaya, na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban gaji da ita ba. Malamin ya yarda ta maimaita ajin. Ka bar mini ita shekara guda. Na ce mata kada ta taɓa jakarta sai mun ji daga bakinka.

Ka gaida Inna, da Anti Ni'ima, da Bahauddeen da Gana.

Ƙanwarka,
Huseina