Makarar Inna

Daren Laraba, Roni, ƙarshen damina

Yau muka binne Inna. Na ce "muka", amma ƙarya nake yi, su suka binne ta.

Tun da sassafe ina maƙabarta da diga a hannu. Ni na haƙa rabin kabarin nan, ba wanda ya ce hannun Kirista bai iya haƙa ba. Sai da aka fito da ita, na kai kafaɗa zan ɗauki makara, Kawu Sale, ƙanenta, ya riƙe mini riga. A hankali ya ce, "Yakubu, ja baya. Kai ka zaɓi hanyarka." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Wa yake goya ta a babur zuwa asibiti a Kazaure duk tsawon jinyar nan? Wa yake juya ta in bayanta ya gaji da kwanciya? Ita ba ta taɓa ƙin shan ruwa daga hannuna ba, ko bayan baftismata. Amma yau na tsaya gindin dalbejiya kamar baƙo, ina hangen masu zuba mata ƙasa.

Da yamma Fasto ya zo gaisuwa, ya dafa ni ya ce wannan shi ne gicciyena. Saura kaɗan in ce ya tashi ya ba ni wuri. Shi da hannunsa ya sa tasa uwar a kabari bara.

Yesu, ban fasa bin ka ba, kuma ba zan fasa ba. Amma yau kada ka jira godiyata, haushi nake ji. Gicciyen zan ɗauka gobe. Yau uwata ce na so in ɗauka, ko taku goma ne.