Mujiyar Bayan Gidan Ruwa

Litinin, 5 ga Mayu

Sun cire bandejin. Ina gani.

Alhamdu lillahi. Abin da na fara gani da idon daman nan shi ne agogon bangon ɗakin likita, har da siririn hannun nan mai gudu. Na biyu fuskar Tela, matata, tana tsaye ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Na ce mata ashe kin yi furfura haka. Ta ce shekara uku ke nan, kai ne ba ka gani. Likita ya yi dariya har ya ajiye biro.

Dokokinsa: sati shida ba shago, ba hasken fitilar kyamara, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sunkuyo. Maganin ɗigawa sau huɗu a rana. Baƙin tabarau in zan fita. Tafiya kuwa ya ce in yi ta, da sassafe ko da yamma in rana ta yi sanyi.

Shekara ashirin da tara ina ɗaukar hoton mutane, angwaye da 'yan makaranta da masu neman hoton kati, ban taɓa rufe shago sati guda ba. Ƙanena zai riƙe. Allah ya sa kada ya riƙa yanke wa mutane kai a hoto.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ashe labulen falo shuɗi ne. Ni duk a ruwan toka nake ganinsa.

Zaman gida ba daɗi. Keken ɗinkinta tun safe, kir kir kir. Na tsaya ina kallonta tana zura zare a allura, ba tabarau, bugu ɗaya. Haushi ya kama ni, ban san dalili ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Ta ce ba za ta bar ni in fita ni kaɗai ba, kada in faɗa kwata da sabon ido. Muka bi ta bayan gidan ruwa bayan la'asar, inda tsofaffin bishiyoyin nan suke, waɗanda ba a sare ba saboda suna cikin shingen hukuma. Rabon da mu yi tafiya mu biyu ba don zuwa gaisuwa ko asibiti ba, na manta.

Ƙananan tsuntsaye ne suka cika wata bishiya da tsiwa, suna tashi suna sauka wuri ɗaya. Ta ja hannun rigata. "Mai hoto, tsaya. Wancan kututturen yana da ido."

Na duba, na duba. Ɓawon bishiya kawai. Sai kututturen ya juya kai.

Mujiya. Babba, launinta sak ɓawon bishiyar, da tukkun gashi biyu a ka kamar ƙaho. Ta buɗe ido ɗaya, rawaya, ta dube mu kamar mun shigo mata ɗaki ba sallama, ta rufe. Tela ta ce ga 'yar'uwarka can, ita ma ba ta son rana.

Mai gadin wurin, wani dattijo mai ɗingishi, ya fito daga ɗakinsa na kwano. Na ɗauka korar mu zai yi. Ya ce shekararta huɗu a kogon nan, ita da mijinta, kuma tun da suka zo ɓera bai ƙara cin buhunsa ba. Ya nuna mana wasu dunƙule-dunƙule a gindin bishiyar, gashi da ƙananan ƙasusuwa, abin da take amayarwa in ta ci. Ya ce kallo kyauta ne, amma kada mu wuce tsohon bututun can, kada kuma mu faɗa wa kowa. Mutane ba su da kirki da mujiya.

Na dawo ina jin yunwa. Rabona da jin yunwa tun kafin aikin.

Talata, 13 ga Mayu

Na ciro dogon gilashin kyamara da na saya don wasannin makaranta, da mai ƙafa uku da ake ɗora kyamarar a kai. Ita ta ɗauka, tunda an hana ni. Duk hanya ina ce mata a hankali, kada ki buga, riƙe ta ƙasa. Ta ce ta goyi 'ya'ya biyar ba ta yar da ko ɗaya ba.

Muka kafa a bayan bututun. Mujiyar tana nan. Na cire tabarau, na sa idon dama.

Dishi-dishi.

Na murɗa gaba, na murɗa baya. Dishi-dishi, kamar kafin aikin. Ko ma ya fi. Na ɗaga kai, ga bishiya tar, har jijiyar ganye. Na mayar da ido cikin kyamara, hazo. Na ɗauki kamar goma da ka, na ce mata haske ya tafi, mu koma.

A gida na duba su a ɓoye. Ba ko ɗaya mai kyau. Ganyen gabanta ya fito, ita ta zama tabo.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban fita ba. Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 16 ga Mayu

Mun koma. Haka dai.

Abin da nake tsoro in rubuta: wataƙila idon ya gyaru don tafiya a hanya da gane mutane, amma ba don aiki ba. Idon kakan jikoki, ba idon mai hoto ba. In haka ne me zan yi da sauran kwanakina? In zauna a ƙofar shago ina amsa gaisuwa, ƙanena yana ciki yana yanke kawuna?

Auta ta kira daga makaranta. Baba ya ido? Na ce garau. Uwarta tana gefe tana datse zare, ba ta ɗago ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bari in rubuta wannan dalla-dalla, don kada in manta yadda na zama wawa.

Mun fita da sassafe. Mujiyar ta sauko reshen ƙasa, kusa fiye da kullum, haske yana faɗa mata ta gefe. Irin hoton da mutum zai jira shekara. Na leƙa, hazo. Na saki kyamarar na zauna a kan bututun. Ban san fuskata ta nuna ba.

Tela ta ce, "Baban Auta, tun Talata ba ka da gaskiya."

In ta kira ni haka ba wasa. Na faɗa mata. Duka. Sai ta ce in matsa ta gani. Shekara talatin da ɗaya da aure ban taɓa bari ta sa ido a kyamarata ba. Na matsa.

Ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa. "To ai ni ma ban ga komai ba. Kamar an shafa mai."

Ita. Mai zura allura bugu ɗaya.

Sai abin ya faɗo mini. Kusa da inda ake sa ido akwai wani ɗan mamurɗi, bai kai ƙwayar wake ba, na daidaita kyamara da ƙarfin idon mai ita. Tun da yanar ido ta fara rufe mini gani nake murɗa shi, kaɗan bana, kaɗan baɗi, har ya kai ƙarshe ya tsaya. Ban faɗa wa kowa ba, har ni kaina na manta. An gyara idon, kyamarar tana nan a kan tsohon.

Na mayar da shi tsakiya da farce. Na leƙa.

Gashin fuskarta ɗai-ɗai. Fatar idonta tana saukowa a hankali. Wani ɗan gashin ɓera a maƙale a bakinta.

Ban ɗauka ba ma. Na zauna ina dariya, hawaye yana zuba ta idon da aka ce kada in taɓa. Mai gadi ya leƙo ya ce lafiya? Tela ta ce lafiya lau, Baba, maigidan ne ya tsinci abin da ya ɓoye wa kansa.

A hanyar gida ta ce ta daɗe da sani. Tun ranar da na zuba gishiri a shayi na shanye don kada in amsa. Ta ce jira take in faɗa da bakina, na ɗauki shekara uku. Na karɓi mai ƙafa uku zan riƙe, ta ƙwace.

Laraba, 21 ga Mayu

Hoto arba'in da biyu, goma sha ɗaya masu kyau. Masu kyau na gaske.

Mujiya ba ango ba ce. Ba a ce mata ɗago haɓa, ba a ce yi murmushi. Sai ka zauna har ƙafarka ta yi tsami, ta ga dama ta buɗe ido daƙiƙa biyu. Na saba ni ke ba da umarni. Nan kuwa ko tari sai na riƙe.

Akwai 'ya'ya. Biyu. Tela ce ta fara ganinsu, kamar kullum: wasu fararen kawuna a bakin kogon kamar audugar da aka ciro daga matashi. Ɗaya yana ta kaɗa kai yana zagayawa da shi, wai yana auna mu. Mijin kuma yana can saman wata bishiyar, ya fi ta ƙanƙanta. Kwana goma muna wucewa ta ƙarƙashinsa ba mu sani ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Asibiti. Na karanta allon gwajin ido har layi na biyun ƙarshe. Likita ya ce madalla, amma sunkuyo har yanzu a'a.

Litinin, 26 ga Mayu

Jiya an yi ruwa da iska. Da safe muka tarar da ƙaramin ɗan a ƙasa, a jiƙe, ya takure a gindin bishiyar. Uwar tana sama, idonta biyu a buɗe, tana wani ƙas-ƙas da baki.

Tela ta kwance mayafinta za ta je ta ɗauke shi. Mai gadi ya tare ta da sandarsa. Ya ce kada ta kuskura, uwar za ta sauko mata a ka, kuma ɗan ba maraya ba ne. Bara ma ɗaya ya faɗo. Aikinmu kawai mu hana karnukan bayan shinge zuwa. Ta ce to in ya mutu fa? Ya ce in kin kai shi gida ne zai mutu.

Muka zauna. Awa ɗaya, biyu. Na kori kare sau biyu da tsakuwa. Ita ko ɗinkin mutane yana jiranta, ba ta ko ambata ba.

Da rana ta busar da shi sai ya miƙe, ya tako kamar tsoho mai ciwon gwiwa, ya kama ɓawon bishiyar da baki da farce, yana bubbuga fiffike, ya fara hawa. Ya zame. Ya sake.

Daga inda nake ciyawa ta tare shi. Sai an kwanta ƙasa. Ni kuwa an hana ni. Na cire kyamarar daga mai ƙafa uku, na saita haske, na miƙa mata. Na ce ki sa gwiwar hannu a ƙasa, ki riƙe numfashi, ki danna a hankali kamar kina taka keke a kan siliki. Ta kwanta rub da ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da atamfarta mai kyau.

Mun baro shi a reshe na farko, ya rufe ido, ya gaji. Mu ma.

Talata, 27 ga Mayu

Yana reshe na uku, kusa da ɗan'uwansa. An ciyar da shi, cikinsa ya yi tulu. Tela ta ce kai, har na ji kamar na sauke kaya.

Asabar, 31 ga Mayu

Na zauna na duba duka hotunan wata. Nawa suna da kyau, ba yabon kai ba. Haske daidai, saiti daidai.

Nata guda bakwai ne. Biyar sun girgiza. Ɗaya ta yanke masa ƙafa. Na bakwai: ɗan yana rataye da baki a jikin bishiya, fiffike ɗaya a buɗe, ido ɗaya yana kallon sama inda uwar take. Ya ɗan karkace. Na daɗe ina kallonsa.

Ƙanena ya zo gaishe ni, ya gani, ya ce Yaya wannan ai shi ne hoton, idon nan ya dawo da ƙarfinsa. Na ce masa ya sha shayinsa kafin ya huce.

Da ya tashi tafiya na raka shi ƙofa, na ce ba ni na ɗauka ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Lahadi, 8 ga Yuni

Kogon ba kowa. Mai gadi ya ce sun koma can cikin kurmin, yana jin 'ya'yan suna kuka da magariba, suna bin iyayen reshe reshe. Sun tashi ke nan, su biyun.

Mun zauna a kan bututun duk da haka. Ta tambaye ni me ya sa bayan hoto yake narkewa wani lokaci, wani lokaci kuma komai ya fito. Na fara bayani, na ga ina ta magana har inuwa ta matsa. Ba ta katse ni ba. Tambayoyinta ba na wasa ba ne.

Talata, 17 ga Yuni

Na koma shago jiya. Hoton kati tara, da wata mata da tagwayenta. Duk tar. Ƙanena bai ɓata komai ba, in faɗi gaskiya, har ya gyara labulen bango.

Na tashi ƙarfe huɗu. Ya ce Yaya tun yanzu? Na ce ina da wani aiki. Mai gadi ya ce akwai wata irin mujiyar, ƙarama, a tsohon ramin dutse, in za mu iya tafiyar.

Na biya wajen mai gyara da tsohuwar kyamarata, wadda ke cikin akwati tun shekara shida. Ba don komai ba, kada ta lalace a ajiye. Ba ta da nauyi, shi ne kyanta. Na ce ya share ta, ya sa sabon batir, ya kuma rage tsawon igiyar ratayawa da kamar taƙi ɗaya.

Ya ce Malam, gajarta ka yi a asibitin?

Na ce ya yi aikinsa. Alhamis zan karɓa.