Madrab ɗin Injiniya Gwadabe

Nuzla, Jidda.

Zuwa ga Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙaninki Rilwanu ne ke gaishe ki, da fatan wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi, na ji daɗi da Jaji ya ce ta fara takawa har bakin zaure. Ni ma lafiya lau, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito, kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a nan, ba ya takura mini. Hajiya Lailatu da ta gama umra za ta kawo miki wannan, da ɗan dabino.

Kin sha tambayata wane irin aiki nake yi. Yaya, filin wasa nake gyarawa, wasan da suke kira badel. Ɗaki ne na gilashi ba rufi, da raga a tsakiya, mutum huɗu ke bugawa, biyu nan biyu can. Abin dukan ƙwallon sunansa madrab, kamar faifai mai huji-huji da mariƙi. Ni ke goge gilashi, in baje yashi, in miƙo ruwa. Daga la'asar har a tashi, ba abin da ake ce mini sai yalla da halas, wato yi sauri da ya isa, a Larabcinsu. Wata rana sai na ji wani dattijo ya ɓarar da ƙwallo ya ce kai, yau na shiga uku! Wallahi sai da na saki tsumma. Injiniya Gwadabe ke nan, mutumin Kano, yana aikin kwangila a nan. Tun daga ranar, duk Talata da Alhamis in ya gama sai ya zauna a benci ya ce ɗan Gusau zo ka ba ni labarin da babu. Shi kaɗai nake Hausa da shi, don abokan ɗakina 'yan Bangaladash ne.

To, sai gwiwar hannun Injiniya ta fara ciwo. Ya daɗe yana wasan, gwani ne, amma madrab ɗinsa irin na samari ne, mai faɗin kai, nauyin duk a sama, na masu son buga ƙwallo da ƙarfi. Likita ya ce ko ya sauya ko ya daina. Na ji tsoro, Yaya, don in ya daina zuwa, bakina ya rufe ke nan. Kaftin Muath, mai koyarwa a wurinmu, ya ce ya nemi mai zagaye, wanda nauyinsa ke kusa da hannu, soson cikinsa mai laushi, don shi ne ke bin umarnin mai shi, ya ajiye ƙwallo inda aka nufa. Abokan wasansa suka yi ta tsokanarsa, wai zai koma madrab ɗin tsofaffi, saura sanda. Ya ce su bari a gani a fili.

Al'adar wurinmu, ba a saye sai an gwada. Ni ke ɗauko na gwaji, ya buga da wannan yau, wancan jibi. Na farko ya yi laushi da yawa, ƙwallo na nutsewa ba ta tashi. Wani kuma ba nauyi sam, yana rawa a hannunsa in an aiko da ƙarfi. Ya ce tunda kullum ina bayan gilashi, in zuba ido in gaya masa gaskiya. Na lura da wani baƙin madrab mai ɗan kaushin fuska, da shi kaɗai ne bai shafa gwiwar hannu ba bayan wasa, kuma ƙwallonsa na sauka a lungu ta kwanta. Na faɗa masa, Kaftin ya yarda, aka ƙara wa mariƙin naɗi don ya cika masa tafi. Ya saya.

Hannu ya warke, alhamdu lillahi. Wasansa ya gyaru har masu tsokanar suka kasa shi. Daga nan wasu gwanaye suka gayyace shi wani fili can arewacin gari, bakin teku, kuma kusa da gidansa ne. Ya zo ya yi mini sallama da fara'a, ya ce albarkacin idona ne, ya ba ni tsohon madrab ɗin, ya ce zai riƙa leƙowa. Har yau bai leƙo ba, amma ban ga laifinsa ba, hanyar da nisa. Yanzu da azahar kafin mutane su zo, nakan shiga in buga wa gilashi ƙwallo ya maido mini. Wasan na mutum huɗu ne.

Don Allah, Yaya, ki riƙa aiko mini da saƙon murya mai tsawo. Ba sai da wani labari ba, ko faɗan da kike yi wa yara ne, ki bar wayar a buɗe in ji.

Ki gaishe mini da Inna, da Jaji, da Zinariya da jaririnta, da su Ilham. A sa ni a addu'a.

Naki,
Rilwanu