Hujin Kunnen Nana

Gyadi-Gyadi, Kano
3 ga Maris, 2016

Maigidana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya aiki, ya Abuja? Da fatan Honorabul yana barinka ka huta da tuƙi ko na yini ɗaya.

An kwantar da ɗanmu Bello a asibiti. Ka tuna faɗowar da ya yi daga katanga? Hajiya mahaifiyarka ta kai shi wurin mai ɗori a Tarauni. Ka san aikinsu: a matsa nan, a matsa can, inda yaro ya ƙwalla ƙara nan karayar take. Bello dariya ya yi ta yi, sai mutumin ya ce ƙafa lafiya lau. Da karayar ya ci gaba da buga ƙwallo har ƙafar ta kumbura ta fara ruwa.

Dakta Bukola ta ce ba dauriya ba ce. Akwai ƙwayar halitta mai gina jijiyoyin jin zafi tun a ciki, tasa ba ta yi aiki ba, shi ya sa ba ya jin zafi. Daga ni da kai ya gada, tunda kakanmu ɗaya. Mu kuwa muna ta yi masa kirarin namijin da bai yi kuka ranar kaciya ba!

Ƙafar za ta warke. Nana ce ta hana ni sukuni, don an ce jaririyar ma tana iya gada. Kukan yunwa kam tana yi, amma Bello ma ya yi yana jariri. Ranar rigakafi Hajiya ce ta kai ta, ta ce ba ta lura ko ta yi kuka ba. Na ɗaga hannu zan mintsine ta, na kasa. Wallahi tsoro nake ji.

Jibi za a huda mata kunne. Ka yi addu'a ta yi ihu.

Matarka,
Huraira

5 ga Maris, 2016

Maigidana,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

An yi hujin. Ni na riƙe ta a cinyata, idona a kan bakinta. Allura ta shiga kunnen dama, ta shiga na hagu. Nana ta yi hamma, ta ci gaba da tsotsar hannunta.

Matan gida suka yi ta sa albarka, wai mai haƙuri kamar yayanta. Hajiya har da guɗa. Ni kaɗai na yi kukan.

Ka nemi izini ka taho gida. Idanuna biyu ba za su iya gadin yara biyu ba.

Taka har kullum,
Huraira