Saiwar da Aka Kawo Mini In Yi wa Tofi

Talata, bayan isha'i, unguwar Thamesmead.

Bismillahi. Har yanzu raina a ɓace yake.

Da la'asar ƙanina Sabo ya zo da ƙullin garin wata saiwa, wai ita iboga. A intanet ya saya, domin ɗansa Mubarak, wanda ƙwaya ta riƙe shekara uku ke nan. Ya ce Turawa suna bincike a kanta, wai tana yanke sha'awar ƙwaya.

"Yaya, tofi kawai za ka yi mana. Idan ya ji daga hannunka ta fito, zai sha."

Na tambaye shi gwargwadon da ake sha, bai sani ba. Na kira Dakta Hauwa, 'yar maƙwabcina. Ta ce saiwar tana gusar da hankali, tana iya tsayar da zuciya, masu binciken ma ba sa bayarwa sai da na'ura a ƙirjin mutum.

Sabo ya ce, "To ai shi ya sa muke son addu'a."

Subhanallahi! Wato da amincewar da yaron ya yi da ni za a yaudare shi, ni da na yi masa huɗuba a kunne? Ban haramta neman magani ba. Idan likitoci suka tabbatar da ita, ni zan raka shi. Amma ba zan lulluɓe ganganci da ayar Allah ba.

Na riƙe ƙullin. Sabo ya fita bai yi mini sallama ba, abin da bai taɓa yi ba.

Gobe zan hau bas zuwa inda Mubarak yake zaune, in roƙe shi mu je wurin likita tare. Ya Allah, ka sa ya buɗe mini ƙofa.