Gwangwanin Madarar Haruna

Zuwa ga Yaya Musa a Fatakwal,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya Yaya Binta da yara? Mu nan Yalwan Damai da godiya, sai dai jikin ƙaninmu Haruna.

Ka tuna aikin da ya yi a gadar hanyar Gwaram, inda suke fesa yashi da inji don kankare tsatsar ƙarfe? Kamfanin yana da takunkumin roba, amma a sito yake kulle. Sai ranar da mai duba aiki zai zo ake raba musu, yana tafiya a karɓe. Sauran kwanaki sai a miƙa wa kowa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙura daga ƙirji. Har godiya suke yi!

Yanzu Haruna ba ya iya kaiwa masallaci sai ya huta sau biyu. Likita a Birnin Kudu ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya ce yashi ya zauna a huhu, babu abin da zai fitar da shi. Inna kuwa kullum tana tsare shi da ƙwaryar nono tana cewa, “Shanye, ɗana, ya wanke.” Na kasa gaya mata.

Na ji kai ma yashin kake fesawa a tankunan mai. Ka sa Haruna a addu'a, ka gaida mutanen gida. Don Allah, Yaya, in sun miƙo maka madara, ka ce takunkumi kake so.

Ƙaninka,
Sabo