Yatsunki a Bakin Tulun Iri

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Allah.

Inna, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Na ga tulun irin geron da kika ɓoye a bayan rumbu, ƙarƙashin tarin itace. Tun kaka na gan shi, na mayar da itacen, na yi shiru.

Bakinsa a liƙe yake da laka, ga yatsunki huɗu a kai. Kin sha ce mini, "Ladi, laka ba ta ƙarya. Za ta gaya miki hannun wa, da yaushe, da ko an taɓa." Yaya Lawal, da ya samu aikin masinja a sabon ofishin Batsari, ya ce su ma haka suke buga wa fayil hatimi da kwanan wata.

Na karanta naki. Akwai ƙaiƙayin sabon gero cikin lakar, wato bayan sussuka ne. Kuma babu alamar zobenki. Zoben nan ba ki cire shi ba sai da ciwo ya kumbura miki hannu. Ashe lokacin da muke cewa ba kya iya tashi, kin rarrafo har nan. Wa ya ɗebo miki ruwan kwaɓi?

Damina ɗaya ta wuce ba ke, fari ya cinye ta, mu kuma muka cinye irinmu. Yanzu ga hadari yana haɗuwa ta wajen Ruma. Baba ya zaga garinmu Zakka gida-gida neman iri, ya je kasuwar Batsari ya dawo da buhu a naɗe. Tun daga nan sai gyaran sungumi yake yi.

Ni kuma na kasa zama. In ɗauki tsintsiya, in ajiye. In zagaya bayan rumbu, in sa yatsuna cikin naki, in dawo. Ba mu da hotonki, Inna. In aka fasa lakar nan, shi ke nan. Na gwada ɓamɓaro ta da wuƙa a hankali, ta fara tsagewa, na bari.

Gobe in Allah ya kai mu, zan kai wa Baba tulun. Ni zan fasa, da hannuna. In kaka ta yi zan cika shi, in kwaɓa laka da ƙaiƙayi, in danna nawa yatsun. Sun kusa kai naki tsawo.

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba mu damina mai albarka.

Ni ce 'yarki,
Ladi